Ledar da ke Ƙarƙashin Fanka

Wata goma sha ɗaya ina tara jaka-jaka
cikin gwangwanin madara, bayan buhun gero.
Kayan suka iso daga Kano ta Ɗan Isa,
kowane da kwalinsa, direba na mitar duwan.
Na shimfiɗa tabarma a ɗakinmu na Sura Bildi,
na ɗaure ƙusar ƙarshe ana kiran assalatu.
Ta tashi! Fitilu kore da shuɗi,
na yi hamdala kamar wanda saniyarsa ta haihu.

Rubutu lafiya lau. Kallo lafiya lau.
Amma da na shiga wasan tseren mota,
da na doshi gadar nan mai lanƙwasa biyu,
Ma'azu a bayana, hancin motarsa na sunsunar tawa,
ɗif.
Allo baƙi ƙirin, fanka na haki,
ba kowa a gilashin sai ni, baki sake.

Ma'azu ya ce, "Tsoron kaye ne, kai ka kashe ta."

Na fara da kuran, don shi muka saba zargi.
Na aro regilatar wajen Tsahiru mai ƙanƙara,
na sungumo ta a kabu-kabu, cinyata na tsami.
Ɗif.
Na zare ram guda na bar guda,
na musanya su, na hure raminsu
kamar mai tayar da garwashin shayi.
Ɗif.
Na share manhajar katin hoto, na sauko da sabuwa,
datar jaka biyu ta narke kafin asuba.
Ɗif, kuma a gadar nan dai,
har na fara gaba da gada
wadda ba ta kan kowane gulbi.

Kwana shida ina rubutu a bayan kalanda:
abin da na taɓa, da mintin da ta jure.
Sha ɗaya. Sha uku.
Bakwai da azahar.
Ashirin da biyu daren da aka yi yayyafi.

Barira ta shigo neman ashana,
hannunta duk man tuyar awara.
Ta tsaya kan kalandar tana motsa leɓe.
"Yaya, ai da rana ta fi saurin suma.
Zazzaɓi gare ta."
Ta ɗora bayan hannu a jikin akwatin
yadda Inna ke taɓa mana goshi,
ta janye da sauri, ta ɗauki ashanarta ta fita.

Na kunna ma'aunin zafi, na shiga tsere.
Saba'in. Tamanin da biyar. Casa'in da takwas.
Mu da arba'in da huɗu ke kora gindin dogonyaro
muna cewa bazarar bana ta yi yawa!

Ƙusa huɗu na kwance, na ɗaga fankar.
Ga man tokan da na shafa, ya bushe.
Ƙarƙashinsa kuwa leda ce,
siririya kamar ɓawon albasa,
da jan rubutu: a ɓare kafin a ɗaura.
Da harshe uku aka rubuta,
biyu daga ciki na yi su a lakwal.

Na daɗe zaune da ita a tafin hannu.
Na zagi kuran, na zargi ɗan kasuwar Kano,
na mayar wa Tsahiru kayansa ba ko na gode.

Na goge, na ɗiga sabon mai kamar ƙwayar wake,
na ɗaure ƙusoshi, wannan kusurwa sai waccan.
Sittin da huɗu. Ta tsaya nan, tana numfashi a hankali.

Daren nan na ƙetare gadar.
Ashe bayanta hanya ce a bakin teku,
da wasu fararen gidaje da ban taɓa gani ba.
Ina ƙauyanci Ma'azu ya wuce ni kamar iska,
ya ci, ya tashi yana taka rawa kan tabarma.
Barira daga zaure: "Kuɗin likita fa?"
Na ce gobe. Na ce a sake zagaye ɗaya.

Mun jera a layi, uku, biyu,
ɗif.
Na dafe ƙirji. Sai na ji unguwa ta ɗau ihu,
fankar rufi na rage gudu,
injin Tsahiru na tari daga nesa.
Na yi dariya cikin duhu, har da hawaye.
Wannan dai ba ni ba ne.